Wace Makaranta Ta Dace da Magidancin da Ya Koma Karatu?

Kwamitocin masallatai na Ajingi da Gaya sukan tambaye mu dalilin da ya sa ba ma tura duk mai neman tallafin karatu zuwa Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, alhali ita ce mafi kusa da mu. Halin mai nema muke dubawa. Jami'a tana buƙatar kiredit biyar da jarrabawar JAMB, sannan shekara huɗu ko biyar na zaman aji, wanda magidanci mai gona da iyali da wuya ya jure. Malamin Islamiyya mai shaidar sakandare, NCE ta shekara uku ta fi masa amfani, irin wadda ake yi a Kwalejin Aminu Kano, wato Legal. Sai dai kuɗin mota da masauki a birni nauyi ne da muke lissafawa tun farko.

Wanda bai yi boko ba, da matar da aure ya katse wa karatu, azuzuwan Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980, su ne mafarinsu, domin ba sa raba mutum da garinsu.

A nan bambancin zakka da waƙafi yake bayyana. Zakka haƙƙin fakiri ce, a hannunsa ake damƙa ta, ya biya rajista da littattafai. Alawus na malamin aji, da alli da tabarmi, daga waƙafi suke fitowa, kuma asusun nan ne ya fi rauni a wurinmu. Muna roƙon kwamitoci su riƙa rubuta shaidar karatun kowane mai nema, da sana'arsa ta damina.