Takardar Shagon Kwamfuta Ba Ta Hana Albasa Ruɓewa

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa gwamnati za ta sake ba ƙananan 'yan kasuwa rance ko tallafi, sai wayoyi su ɗauki zafi. Daga Dalijan zuwa Kambaza, daga Gwandu zuwa Kalgo, saƙo ɗaya ne ke yawo a WhatsApp: an buɗe shafi, a hanzarta kafin a rufe. Haka aka yi a 2018 lokacin rabon naira 10,000 na TraderMoni, haka aka sake yi a 2024 da tallafin naira 50,000 na gwamnatin Tinubu. Wasu saƙonnin gaskiya ne, da yawa kuma tarko ne na 'yan damfara masu farautar lambar BVN. In kuwa rancen mai ɗan kauri ne, akan nemi mutum ya kawo takardar tsarin kasuwancinsa. Sai a hau mota zuwa Birnin Kebbi ko Jega, a shiga shagon kwamfuta, yaro ya buɗe wata tsohuwar takarda da aka rubuta wa mai kiwon kaji, ya goge sunan wancan ya sa na wannan, inda aka ce kaji ya mayar albasa, a buga, a biya shi. Mai takardar bai san abin da ke ciki ba, domin da Turanci take, kuma ko kusa ba ta yi kama da rumfarsa ba.

Abin da ke damuna shi ne, wannan ce ta sa mutanenmu da yawa suka ɗauka tsari wata takarda ce da ake nuna wa banki, kamar katin ɗan ƙasa. In ba rance ake nema ba, babu ruwan kowa da shi. Ka yi wa mai tireda ko ɗan sarin albasa maganar, sai ya ce maka: "Mi za a tsara, tun da babu kuɗɗi? A ba mu jari dai a gani."

To, an taɓa ba da jarin, kuma a gabanmu aka yi. A watan Nuwamban 2015, a nan jihar Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya. Noman shinkafa ya bunƙasa, har aka kai ga shinkafar LAKE ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi a ƙarshen 2016, masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka samu abin casawa. Babu mai musun wannan. Amma kuɗin da shirin ya raba a faɗin ƙasa sun haura naira tiriliyan 1, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Wasu sun yi kukan taki da iri ba su iso kan lokaci ba. Wasu kuwa sun yi komai daidai, ambaliyar 2020 ta shanye gonakin. A kowane hali, tambaya ɗaya ce ba a amsa ba kafin kuɗi su shiga hannu: daga wane amfani za a biya, a wane wata, kuma in shekara ta ƙi, daga ina?

Mu ɗauki abin da muka fi sani, wato albasa. Duk mai noman rani a ƙasar Gwandu da Aliero ya san yadda abin yake. Daga Fabrairu zuwa Afrilu albasa takan cika kasuwa ta yi arha, daga nan farashi ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa a ƙarshen shekara. Saboda haka kowa ya yarda ajiya ba ta faɗuwa: saya da arha, zuba a rudu, jira. Lissafin da aka saba yi shi ne na saya kaza, na sayar kaza, tsakaninsu riba.

Bari mu yi lissafin a hankali, da alƙaluman da na ƙirƙiro domin misali kawai, kowa ya maye su da nasa. Mutum ya sayi buhu 100 a kan naira 20,000 kowanne, ya kashe miliyan 2 ke nan. Albasa abu ce mai rai, tana numfashi, tana fitar da ruwa, tana ramewa. Da damina ta shigo, danshi ya sa wata ta tsiro, wata ta ruɓe, ruɓaɓɓiya kuma ta kama ta kusa da ita. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban rudu a watan Agusta yana tsince ta, yana latsa wuyan kowace ɗaya da babban yatsa yana jefar da wadda ta yi laushi, ya san buhu 100 ba sa fitowa 100. A ce 70 suka tsira. Sai kuɗin kafa rudu, da na mai gadi, da na yaran da ke tsincewa, da sababbin buhuna, da dako, da mota, da la'adar dillali, a ce duka naira 300,000. Abin da ya kashe ya zama miliyan 2 da dubu 300, a kan buhu 70. Ma'ana kowane buhu ya tsaya masa kusan naira 33,000. In ya sayar a kan 30,000, zai dawo gida yana murna cewa ya ci 10,000 a kowane buhu, maƙwabta su taya shi farin ciki, alhali ya yi asarar naira 200,000. Ba a ma sa watannin da kuɗinsa suka yi a kwance ba.

Wanda ya san wannan adadi tun ranar da zai sayi albasar, shi ne mai tsari, ko da bai taɓa taka shagon kwamfuta ba. Ya san farashin da in bai kai ba, bai fita ba. Ya san watan da zai sayar da kashi ɗaya ya mayar da wani abu na uwar kuɗinsa, maimakon ya riƙe duka yana jiran ranar da buhu zai yi tashin gwauron zabi. Kuma ya yanke tun farko cewa kuɗin bashi ba sa shiga rudu, domin mai bashi yana da ranarsa, albasa kuwa ba ta san da ita ba.

Wani zai ce ai gobe ta Allah ce. Gaskiya ne, kuma ba mu da ja a kai. Amma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai gaza kowa a tawakkali ba, shi ne kuma ya tsara ajiyar hatsin shekaru bakwai na wadata domin bakwai na fari. Mu ma da ba a ba mu fassarar mafarki ba, shekarun nan sun koya mana abin da ya isa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu, daidai lokacin da albasa da tumatir suka cika kasuwa, kaya suka yi kwantai a hannun masu su. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, manomi ya sayar da kayansa a wulaƙance ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, mai injin ban-ruwa a fadama ya ga lissafinsa ya rushe. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, iyakar Kamba ta kasance a rufe har zuwa Maris ɗin 2024. Sannan a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A shekarar da ta biyo baya farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka cika ɗakuna da buhuna da tsada suna jiran damina suka ji a jikinsu.

Babu ɗan kasuwar Dalijan da zai iya hango ɗaya daga cikin waɗannan da sunansa. Abin da zai iya sani shi ne, da wuya shekara biyu su wuce wani abu bai taɓa hanya ko mai ko farashi ba. Don haka ya kamata ya tambayi kansa tun yana da sukuni: in hanyar Kudu ta toshe, wa zan sayar wa? In mai ya ƙara tsada, zan iya haɗa kuɗi da 'yan'uwa mu koma gas ko injin hasken rana, kamar yadda wasu suka riga suka yi? In dillalin da nake kai wa kaya shi kaɗai ya juya mini baya fa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai abin da ya fi cinye ƙananan sana'o'inmu a cikin gida yake. Kowane manomi ya san iri daban yake da abinci. Da kaka zai zaɓi zangarniyar geron da ta fi kyau ya ɗaure ya rataye can sama, ko yunwa ta shigo gida uwargida ba za ta saukar da ita ta sussuke ba, domin kowa ya san wanda ya ci iri ya ci baɗi. Amma mutumin nan da kansa, in ya buɗe shago, aljihu ɗaya ne na ciniki da na cefane da na gudummawar biki da na ragon suna. Yaro ya zo daga gida a ɗebi sukari da sabulu, ba a rubuta ba. Suruki ya zo a sallame shi daga kuɗin ciniki. Babu wanda ya ce kada a yi zumunci, kuma ni ba zan so mu zama mutanen da ke ƙirga loma ba. Amma mai shago ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a mako, kamar albashi, alheri ya fito daga nan. Haka uwa mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko mai gyaran shinkafa a cikin gida, wadda sau da yawa maigida ke ranta daga jarinta ya manta. Ita ma tana da haƙƙin a bar mata irinta.

Hauhawar farashi ta ƙara tsananta wannan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan yanayi, wanda ya ɗora ribarsa a kan farashin da ya saro watan jiya zai ga kuɗi a hannu, amma ya je Jega sari ya dawo da katan takwas a maimakon goma. Farashin sarin gobe shi ne ma'auni. Shi ya sa za ka ga shago ana ta ciniki, kanta kuwa tana ta yin fili, a bisani a ce an yi wa mai shi baki.

Maganar bashi kuwa ba ta buƙatar dogon bayani a ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda rubutu ba baƙo ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Littafin makaranta guda ya isa, da boko ko da ajami. Kuma ɗan kasuwa Musulmi yana da rana ɗaya a shekara da aka wajabta masa ya ƙiyasta hajarsa da kuɗinsa domin fitar da zakka in sun kai nisabi. Wanda ya yi wannan da gaske, ya ajiye adadin bara kusa da na bana, ya riga ya san ko gaba yake yi ko baya.

Akwai kuma kalanda biyu da muke rayuwa a kansu. Ta damina da rani ba ta motsi, ta wata kuwa tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris, wato yanzu hidimar azumi da ɗinkin Sallah suna faɗowa a lokacin da kuɗin albasa ke shigowa kuma take da arha. Tela da mai atamfa da mai sukari su lura da wannan. Mai noman kuma ya san buƙatar gida za ta matsa masa ya sayar a lokacin da bai kamata ba, sai in ya tanadi kuɗin Sallah tun daga amfanin damina ko adashi. A Kalgo, wanda ya kafa shago ko gidan abinci domin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yana da kalanda ta uku, ta hutu da yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, haya kuwa ba ta tsaya ba. Sannan in ka ga rumfar POS huɗu a jere a bakin tasha, kafin ka kafa ta biyar, zauna wuni guda ka ƙirga masu zuwa cirar kuɗi.

Hukumomi ma suna da nasu kason. An kafa SMEDAN tun 2003 domin ƙananan sana'o'i, amma horon da ake yi yakan ƙare a ɗakin taro na babban birni, da Turanci, ga mutanen da aka rubuto sunayensu, a raba takardar shaida a ɗauki hoto. Da za a turo mutum ɗaya mai jin Hausa ya zauna da ƙungiyar masu albasa ranar kasuwa, da allo da alli, a yi lissafin buhu da rudu tare, da ya fi amfani. Bankin da ke karɓar takardar da ya san kwafi ce shi ma ya san abin da yake yi. Gwamnatin da ke son talaka ya yi tsari kuma, ta faɗi matsayinta kan shigo da abinci kafin manomi ya ci bashin taki, kada sai hatsi ya shiga rumbu a ji sanarwa a rediyo.