Uwargida Da Hunturu

Ga hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa. Wannan iska daga arewa maso gabas take busowa, daga hamadar Sahara. Yawancin ƙurar da take ɗauke da ita kuwa daga wani kwari ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, inda dā babban tafki ne, ya ƙafe. Takan fara wajen ƙarshen Nuwamba, ta kai har Fabrairu. Watau wata uku za mu yi da wannan baƙo, sai mu san yadda za mu zauna da shi.

Kwanan baya wata maƙwabciyata ta yi mini kuka, wai ita ba ta san kome game da hunturu ba sai faso da tari da kashe kuɗi. Har bashi ta ci don ta sayi man shafawa mai tsada da rigunan sanyi sababbi. Na ce mata, Yaya, daidai ruwa daidai tsaki. Hunturu ba ya son kuɗi da yawa, dabara yake so.

Ku duba dai. Man kaɗe da kakanninmu suka shafa yana nan a kasuwa, yana kuwa tare kaushi sarai. In dare ya yi, ki jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi, ki goge da dutse, ki shafa mai, ki kwanta. Yaro kuma riguna biyu ko uku tsofaffi, a sa masa ɗaya bisa ɗaya, da hula da safa, sun ishe shi. Da safe ga ɗumamen tuwo da miyar kuka, ga kunun tsamiya ko na gyaɗa da citta da kanumfari. Wane shayi ne ya fi wannan ɗumama ciki?

Har ila yau, iskar nan da muke zagi ita ce babbar mai taimakonmu. Yanzu ne kayan fadama ke fara cika kasuwa, tumatir da tattasai da albasa su yi araha. Uwargida mai hangen nesa sai ta saya, ta yanka, ta shanya bisa tabarma mai tsabta, ta lulluɓe da ƙyalle marar kauri saboda ƙura. Da yake iskar busasshiya ce, cikin 'yan kwanaki sun bushe ƙayau. Ranar da damina ta faɗi, tumatir ya yi tsada, ita tukunyarta ba ta san an yi ba.

To, ga abin da na fi so 'yan makaranta su ji. Da yawa cikinku kuna ganin aikin gida bauta ce kawai, hikima kuwa sai a littafi. Ba haka ba ne. Wadda ta zaɓi launin da za ta sa a faifai, ja nan, kore can, tunani ta yi. Wadda ta zauna da allura tana ɗinkin hula, tana ƙidaya zare kada zane ya karkace, lissafi take yi. Wadda ta haɗa miya mai daɗi da ɗan abin da ya rage a ɗaki, ita ma gwana ce.

In kuna shakka, ku ɗauki takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. A gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya, wurin wata 'yar'uwar iyayenta, tana gina tulu da randa irin na ɗebo ruwa, tana zana musu kifi da kada da kunama. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Daga nan tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Duk wannan daraja daga yumɓu da hannu ta fito.

Saboda haka, hantsin hunturu da ake zama shan rana, kada ya tafi a hira kaɗai. Kowace ta ɗauki abu guda ta koya. In akwai tsohuwa a gidanku da ta iya kaɗi da mazari, ku zauna kusa da ita, gama masu yinsa sun yi ƙaranci ƙwarai. Da dare kuma a ajiye waya, a tara yara a yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ba ta cin kwabo.

Sai gargaɗi guda, wannan kuwa zancen rai ne. Kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a yi barci. Gawayi yana fid da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. In an ji ɗumi, a fita da kaskon waje. A kashe wutar murhu kafin a kwanta, domin a wannan lokaci kome ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu ga bayan sanyin nan lafiya, mu da iyalinmu. Sai mako mai zuwa.