Yadda Ake Kare Itatuwan Marmari Daga Tsananin Sanyi

Lemo da mangwaro da gwanda da ayaba itatuwa ne da asalinsu ya fito daga ƙasashe masu ɗumi. Itatuwan ƙasashen sanyi, irin su tufa, sukan zubar da ganye su yi likimo har sanyi ya wuce. Amma na ƙasashen zafi ba su da wannan ɗabi'a. Ganyensu da 'ya'yansu na nan cike da ruwa duk shekara. Idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 0 na Salshiyos, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar tsiron yakan daskare, ƙanƙarar ta janye ruwa daga cikin ƙwayoyin, ta kuma yayyaga bangonsu. Shi ya sa da gari ya waye sai a tarar da ganye ya yi baƙi kamar an babbake shi.

Manoman lemo na jihar Filorida ta Amurka sun san wannan masifa. Sanyin Disamba 1894 da na Fabrairu 1895 ya hallaka mafi yawan lambunan jihar. Haka kuma aka yi a 1983 da 1985 da 1989, har ya sa noman lemo ya ƙaura zuwa kudancin jihar. Awa huɗu kacal a digiri 2 ƙasa da sifiri sun isa su ɓata 'ya'yan lemo.

Babbar dabarar da manoman suka dogara da ita tana da ban mamaki: da ruwa ake yaƙar ƙanƙara. A daren da ake tsoron sanyi, sai a yi ta fesa wa itatuwa ruwa har safiya. Dalili kuwa shi ne, duk giram ɗaya na ruwa idan ya daskare yakan saki zafi kimanin jul 334. Muddin sabon ruwa yana sauka yana daskarewa, reshen da ke ƙarƙashin ƙanƙarar zai tsaya kusa da digiri 0, watau bai kai matakin da ke kisa ba. Amma idan aka tsayar da ruwan tsakar dare, ɓarnar takan fi ta wanda bai fesa ba.

Dabara ta biyu ta shafi iska. A daren da babu gajimare kuma babu iska, ƙasa takan saki zafinta zuwa sama, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta tsaya bisa kanta. Saboda haka ake kafa manyan fankoki a kan dogayen turaka don su gauraya su. Ƙananan dashe kuwa, akan tara musu ƙasa a gindi har ta rufe gaɓar da aka yi musu aure. Ko da saman ya mutu, itacen zai sake toho daga wannan gaɓa.

A ƙasar Hausa sanyin hunturu bai cika kaiwa ga daskarar da ruwa ba. Abin da ke kashe dashe shi ne busasshiyar iskar da ke tsotse ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa. Maganinsa shi ne ban ruwa a kan kari, da lulluɓe gindi da busasshiyar ciyawa, da kafa zana ko jeren darbejiya ta arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa.

Sai dai ba kowane sanyi ne ke cutarwa ba. Sanyin dare da rashin ruwan sama na hunturu su ne ke sa mangwaro ya yi fure, ya nuna a bazara. Aikin mai lambu shi ne ya san iyakar sanyin da kowane itace ke iya jurewa, ya tashi tsaye kafin a kai ta.