Masassaƙin Dutse da Iyayen Gidansa

In ka tambayi Bature abin da ya gāda daga kakanninsa, da wuya ya gama lissafi bai ambaci zane-zane da sassaƙe-sassaƙen ƙasar Italiya ba. Har a kan kuɗinsu na yuro, Italiyawa sun buga ayyukan masu zane irin su Liyonado da Boticeli. Amma mai karatu, ka taɓa tunanin wanda ya biya ladan waɗannan ayyuka? Labarin Mikelanjelo zai ba mu amsa.

An haifi Mikelanjelo a shekara ta 1475. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi koyon zane a birnin Fulorens. A zamanin nan wani gida mai suna Medici ne ke riƙe da birnin. Ba 'ya'yan sarauta ba ne tun asali, masu banki ne, dukiya ta ba su iko. Gina majami'u da riƙon masu fasaha sun jawo musu suna da farin jini wurin jama'a. Maigidan, Lorenzo, ya ga hannun yaron, sai ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki a gidansa, yana cin abinci tare da 'ya'yansa, yana sauraron malamai.

Da Lorenzo ya rasu a 1492, ɗansa Piyero ya gaje shi. Waɗanda suka rubuta tarihin Mikelanjelo tun yana da rai sun ce wata rana ƙanƙara ta zuba, sai Piyero ya sa shi ya gina masa mutum-mutumi da ita a tsakar gida. Rana ta fito, aikin ya narke. Hannu ɗaya ne, amma darajar aikin ta bi halin mai biya.

A 1494 mutanen Fulorens suka kori gidan Medici. Daga 1501 zuwa 1504 Mikelanjelo ya sassaƙa siffar Dauda daga farin dutse guda ɗaya, tsawonta ya fi mita 5. Aka kafa ta a ƙofar majalisar birni, domin mutanen garin suna ganin kansu kamar Dauda a gaban Goliyat.

A 1505 Paparoma Yuliyus na Biyu ya kira shi Roma ya yi masa kabari mai siffofi wajen 40. Ya shafe watanni a kan duwatsun Karara yana zaɓen dutse, sai Paparoma ya canja ra'ayi. Mikelanjelo ya yi fushi ya bar Roma a 1506, amma tilas ya je wurin Paparoma ya nemi afuwa. Aka ba shi aikin da bai so ba, wato zanen rufin ɗakin sujada na Sistin. Ya ce shi masassaƙi ne, ba mai zane ba. To, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Daga 1508 zuwa 1512 yana bisa dandamalin katako, kansa a ɗage, yana zana labaran Littafin Farawa. Kabarin kuwa sai a 1545 aka gama shi, an rage shi ƙwarai.

Gwaji mafi zafi ya zo daga baya. Gidan Medici sun koma mulki, aka sāke korarsu a 1527. Mikelanjelo ya tsaya tare da mutanen gari, har aka ba shi shugabancin gyaran ganuwa don a tare sojojin da za su maido da gidan da ya rene shi. Birnin ya fāɗi a 1530, ya ɓuya yana tsoron ransa. Abin da ya cece shi, Paparoma Kilimen na Bakwai, ɗan gidan Medici, yana so a ƙarasa kaburburan danginsa. Aka yafe masa, ya koma bakin aiki. A 1534 ya bar Fulorens, bai ƙara zama a can ba har ya rasu a Roma a 1564.

A 1737 Anna Mariya Luwisa, ta ƙarshe a zuriyar sarautar Medici, ta sa hannu a yarjejeniya cewa kayan fasahar gidansu za su zama na ƙasar, kada a fitar da su. Shi ya sa har yau baƙi ke tururuwa zuwa Fulorens.

Ashe gādon da Turawa ke alfahari da shi haɗin hannu ne. Attajiri ya kawo kuɗi yana neman suna, mai fasaha ya kawo baiwarsa ya haɗiye fushinsa. Attajiran sun yi zaton su ne ke ɗaukaka yaron. Yau kuwa, da yawa ba su san sunan Yuliyus ko Piyero ba sai ta dalilin Mikelanjelo.