Zaɓen Sabuwar Tayar Babur: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, gama yawancin aikin gunduma a yau bisa babur yake tafiya. Da shi ake kai takardar Hakimi ga dagatai, da shi ma'aikacin lafiya yake kai allurar rigakafi ƙauyen da mota ba ta shiga, da shi kuma malamin gona yake zaga manoma. In taya ta ƙare, abin da aka saba yi shi ne a ba yaro kuɗi ya je kasuwa, shi kuwa ya sayo wadda ta fi araha, ko wadda mai kanti ya fi yabo. Wannan ganganci ne. Dukan abin da ke taɓa ƙasa a jikin babur bai kai faɗin tafin hannu ba a kowace ƙafa, kuma a kan wannan ɗan wuri ne birki da kwana da ran mahayi suka dogara.

RIƘO DA DAƊEWA

Abu biyu ake nema ga taya, watau ta riƙe ƙasa, ta kuma daɗe. Amma ya kamata a sani tun da fari, waɗannan biyu ba su cika zama ɗaki ɗaya ba. Roba mai taushi takan lafe cikin ƙananan ramukan kwalta ta kama su, saboda haka ba ta yawan zamewa, sai dai hanya tana cin ta kamar yadda dutsen wanki ke cin sabulu. Roba mai tauri kuwa takan yi tafiya mai nisa kafin ta suɗe, amma riƙonta kaɗan ne, balle in ruwa ya jiƙa hanya. Manyan masana'antu suna yin wata iri mai tauri a tsakiya da taushi a gefe, don a sami amfanin biyun, amma galibi ta manyan babura ce, tana kuma da tsada.

To, yaya za a yi? Sai a tuna aikin ƙafafun biyu ba ɗaya ba ne. Tayar baya ita ce ke ɗauke da yawancin nauyi, ita ce kuma inji ke turawa, shi ya sa sau da yawa akan cinye ta baya biyu kafin ta gaba ɗaya ta ƙare. Tayar gaba kuwa ita ce ke juya babur, kuma sa'ad da aka taka birki nauyi yakan koma kanta, har ya zama ita ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa. In ta baya ta zame, gwanin mahayi yakan iya gyara zama ya tsira. In ta gaba ta zame, kafin ya farga yana ƙasa. Don haka a gaba a nemi riƙo, ko da kuɗinta ya fi, a baya kuwa a nemi ƙarfi da daɗewa. In kuɗin ofis ya gaza, kada tsimin ya faɗa kan tayar gaba.

Har wa yau akwai batun siffa. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, amma ta babur tana da doro kamar bayan ƙwarya, domin babur ba ya shan kwana sai ya karkata. Tayar baya da ta daɗe tana bin miƙaƙƙiyar hanya da kaya takan cinye a tsakiya ta baje, gefenta kuwa ya yi kaifi. Mahayi zai ji babur yana ƙin karkata, sa'an nan farat ɗaya ya kwanta fiye da yadda aka so. Irin wannan taya ta ƙare, ko da zanen gefenta yana nan kamar sabo.

RUBUTUN JIKIN TAYA

Duk abin da ake bukatar sani a rubuce yake a gefen taya, kuma wannan aikin malami ne, tun da shi ne mai karatu. Kada a tura kowa kasuwa sai malami ya kwafe lambobin daga littafin babur, ko daga takardar da aka manna a jikinsa, ya ba shi a hannu. Lambar tsohuwar taya ba abin dogara ba ce, gama mai yiwuwa ne wanda ya sa ta ma kuskure ya yi.

Ƙananan babura irin su Bajaj Boxer sukan zo da 2.75-17 a gaba, da 3.00-17 a baya. Lamba ta fari faɗin taya ne da inci, ta biyu kuwa faɗin wilin da za a ɗora ta a kai. Akwai babura masu wili na inci 18, kuma tayar 17 ba ta hawa wilin 18 ko kusa. Wanda ya matsa mata da ƙarfe don ta shiga zai tsinka wayar da ke cikin bakinta. Wani lokaci akan ga rubutu irin 90/90-17. A nan faɗin milimita 90 ne, tsayin gefenta kuwa kashi 90 cikin 100 na faɗin.

Samari da yawa suna son sa taya mai faɗi fiye da wadda aka ƙayyade, wai ta fi kyau, ta kuma fi riƙo. Ba haka ba ne. In aka matse faffaɗar taya cikin siririn wili, doronta yakan tsuke ya sake siffa, wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, kan babur ya yi nauyi, wani lokaci ma ta riƙa gugar sarƙa.

Bayan lambar girma akan sami wata lamba da harafi, alal misali 50P. Wannan lamba ba kilo ba ce, alama ce da ke nuna iyakar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 41 tana nufin kilo 145, 45 kilo 165, 50 kilo 190, 52 kuwa kilo 200. Harafin yana nuna iyakar gudu: J kilomita 100 a sa'a, L 120, P 150. Batun gudu bai cika damun baburan gunduma ba, amma na nauyi lalle ne a tsaya a kansa. A ɗauki babur wanda shi kansa ya kai kilo 100, a ɗora mahayi, sa'an nan a ɗaure buhun masara mai kilo 100 a kan kariya, inda kusan dukan nauyinsa ke sauka kan ƙafar baya. Tayar da aka yi don kilo 190 ta kai iyakarta ko ta wuce, tun ba a ɗauki mutum na biyu ba. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta takan yi zafi daga ciki, zarenta ya rabu da roba, wata rana ta fashe ba sanarwa. Baburan da ke ɗaukar kaya a sa musu ta baya mai 6PR maimakon 4PR, watau mai ƙarfin jiki daidai da rufi 6.

In an rubuta TUBE TYPE, sai da tif, watau robar ciki mai riƙe iska. In an rubuta TUBELESS, tana riƙe iska da kanta, amma fa sai a kan wilin da aka zuba don haka. Wili mai wayoyi irin na keke yana yoyon iska ta ramukan wayoyin, saboda haka dole a sa masa tif. Kuma sabuwar taya sabon tif take so. Tsohon tif ya riga ya miƙe, yakan naɗe a ciki ya tsage. A lura kuma da kibiyar da ke nuna inda taya za ta riƙa juyawa, da kalmar FRONT ga ta gaba, da REAR ga ta baya, gama mai faci yakan ɗora a juye in yana sauri.

IRIN HANYAR GUNDUMA

Zanen taya aikinsa ya ba ruwa hanyar fita daga ƙarƙashinta, ya kuma ciji ƙasa mai laushi. Taya mai siraran layuka ta kwalta ce, ba ta ƙara, tana daɗewa, amma a taɓo zanenta yakan cika ta zama kamar suɗaɗɗiya. Taya mai manyan haƙora a warwatse tana cizon yashi da laka, amma a kwalta haƙoran suna lanƙwashewa a kwana, suna kuma cinyewa da sauri. Hakimin da ƙasarsa ke cikin rairayi irin na wajen Daura da Gumel da Machina, ko cikin baƙar laka irin ta wajen Dikwa wadda ke kama ƙafa da damina, yana bukatar mai haƙora. Wanda yawancin tafiyarsa kan kwalta ce zuwa fadar Sarki, asara zai yi in ya saye ta. Ga yawancin gundumomi, inda ake haɗa kwalta da burji a tafiya ɗaya, mai ƙananan haƙora kusa da juna ita ce daidai. In da hali a sayi gaba da baya daga masana'anta ɗaya, masu zane iri ɗaya, domin tare aka gwada su.

Lokacin da ya fi kyau a sake taya shi ne kafin saukar damina. Ruwan fari yakan taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta duk rani, kuma ran nan ne suɗaɗɗiyar taya ke nuna halinta.

SHEKARUN TAYA

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta tsattsage. Galibin tayoyi suna ɗauke da ranar ƙira, lambobi 4 a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Tun daga shekarar 2000 biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawara a riƙa bincikar taya kowace shekara in ta kai shekara 5 ana aiki da ita, kada kuma ta wuce 10 daga ranar ƙira. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fi tsanantawa, gama ta sha yin gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara 4. A ƙasa mai zafin bazara irin wannan, bin mai tsanani ya fi.

Wannan bincike ya ƙara zama wajibi tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Legas a 2008. Yawancin tayoyin kasuwa daga ƙetare suke zuwa, wasu sun yi shekaru a sito kafin su iso kanti. Tayar kwance kuwa, wadda aka riga aka ci a wata ƙasa, Gwamnati ta hana shigo da ita, kuma bai dace kuɗin ofis ya je gare ta ba.

A cikin kwarmin zane akwai ɗan tudu, ana nuna wurinsa da haruffan TWI ko alamar dala a gefe. In roba ta cinye har ta yi daidai da shi, taya ta ƙare. A Ingila doka ba ta yarda zanen tayar babur mai inji fiye da 50cc ya gaza milimita 1 ba, kuma wannan awo ne na kwalta mai kyau. Mai bin burji da taɓo kada ya jira har nan.

BAYAN AN ƊORA

Sabuwar taya tana da santsi, sai a tafi a hankali a kilomita 160 na fari. Iska kuwa a auna ta da ma'auni kowane mako, da safe kafin a tashi, bisa ga adadin da ke cikin littafin babur, a kuma ƙara wa ta baya in za a yi goyo ko a ɗauki kaya. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Ƙarancin iska yana cinye gefe, yana sa zafi, yana kuma sa taya ta zame a kan wili har ta tsinke bawul. Yawan iska yana cinye tsakiya, yana rage riƙo a gargada. In an auna da rana bayan tafiya aka ga ta hau, kada a rage, zafi ne, za ta sauka da kanta.

Daga ƙarshe, ya kamata malami ya ware shafi ga kowane babur, ya rubuta ranar da aka sa taya, da sunanta, da kuɗinta, da abin da agogon tafiya ya nuna ran nan da ran da aka cire ta. Sa'an nan ya raba kuɗin da yawan kilomita. A ce, don misali kawai, wata ta ci naira 10,000 ta yi kilomita 5,000, wata kuma ta ci 15,000 ta yi 10,000. Ta farko naira 2 ke nan kowace kilomita, ta biyu naira 1 da kobo 50. In agogon babur ya mutu, kamar yadda yakan faru, sai a ƙidaya da watanni, a kuma rubuta ko rani ne ko damina.