Ko Kun Sani? Maganin Tsutsa Na Iya Kashe Karen Kiwo

Maganin tsutsar nan da ake yi wa shanu da tumaki allurarsa, wato ivermectin, yana iya halaka karen da ke kora garken. Kusan uku cikin huɗu na karnukan kiwo jinsin Collie, da kimanin rabin jinsin Australian Shepherd, ana haifar su da tawaya a wata ƙwayar gado mai suna MDR1. Aikinta shi ne tare wasu magunguna a ƙofar ƙwaƙwalwa, a mayar da su cikin jini. In ta samu tawaya, sai maganin ya kutsa ciki ya taru: kare ya fara dalalar da miyau, ya riƙa tangaɗi, idanunsa su daina gani, wani ma ya suma bai farfaɗo ba. Likitar dabbobi Katrina Mealey da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Washington a Amurka ne suka gano haka a 2001.

Abin damuwar ya fi yawa ga wanda ya ɗauki tsintaccen kare ruwa-biyu, domin bai san iyayensa ba, kuma tawayar ba ta nunawa a fuska ko a gashi. Ƙaramin awon ivermectin da ake ba karnuka na rigakafin tsutsar zuciya ba ya cutar da su; awon manyan dabbobi shi ne haɗarin, har da maganin zawo na loperamide. Ana gane kare mai tawayar ta hanyar gwajin jini, ko a goga auduga cikin kumatunsa a kai ɗakin gwaji.