BABI NA UKU: ZAƁEN RAGAR ƘARFE DOMIN MANYAN MOTOCI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren ragar ƙarfe. A wannan babi kuwa za a duba abubuwan da ya kamata a yi la'akari da su kafin a shimfiɗa ta a kan lambatu ko ramin gareji, inda tirela da tifa suke bi. Kuskure a nan yakan jawo karyewar raga, mota ta rufta da kaya da mutane.

3.1 Nauyin Taya

Abu na farko shi ne, nauyin mota ba ya bazuwa a kan raga baki ɗaya. Yana taruwa ne a ɗan wurin da taya ta taka. Saboda haka injiniyoyi suke lissafi da nauyin taya. A ma'aunin H-20 na Amurka, ana ɗauka kowane gefe na tayoyin baya yana ɗauke da fam 16,000, wato tan 7 da ɗoriya.

A Turai kuma, ma'aunin EN 124 ya kasa murafan lambatu aji shida. A15 na masu tafiya a ƙasa ne da masu keke, B125 na wurin ajiye ƙananan motoci, C250 na bakin titi, D400 na tsakiyar titi, E600 na tashar jiragen ruwa, F900 kuma na filin jirgin sama. Murfin D400 sai ya jure nauyin kusan tan 40 a wajen gwaji. Ke nan bai dace a sa abin da ya gaza shi a hanyar tirela ba.

3.2 Zurfin Sanduna da Tazara

Ƙarfin raga yana ga faffaɗan sandunan da aka jera a tsaye bisa gefensu. Idan aka ninka kaurin sanda, ƙarfinta yakan ninku sau biyu. Amma idan zurfinta aka ninka, sai ya ninku sau huɗu. Wannan ne ya sa murfin da mai walda ya haɗa da rodi kawai yake saurin lanƙwashewa. Haka kuma, dole sandunan su ratsa lambatun, kowane bakinsu ya zauna a kan kankare. Idan aka kwantar da su bisa tsawon lambatun, siraran ƙarafan da suke riƙe su ne za su ɗauki nauyin, alhali ba aikinsu ba ne. Bugu da ƙari, gwargwadon faɗin lambatu, gwargwadon zurfin sandar da ake bukata.

3.3 Tsatsa da Ɗauri

Ruwan kwata yana cin ƙarfe. Maganinsa shi ne a tsoma ragar cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, domin fenti yakan goge a ƙarƙashin taya. Sannan a ɗaure ta da kusoshi, don kada ta goce idan direba ya taka birki, ko ɓarayin ƙarfe su ɗauke ta.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an fahimci cewa araha ko kyan gani ba su ne ma'aunin raga ba. Nauyin taya da faɗin lambatu su ne suke nuna wadda ta dace. Babi na gaba zai duba yadda ake kula da ita bayan an kafa ta.